Wace mahanga ce ta dace da binciken lafiyar masu naƙasa a Maraɗi?

Ɗalibar lafiyar al'umma:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye da abokan karatu. Ina shekarar ƙarshe ta karatun lafiyar al'umma, kuma kundin da nake rubutawa ya shafi yadda masu naƙasa suke samun kulawa a cibiyoyin lafiya na birnin Maraɗi da wasu ƙauyuka ta wajen Tibiri da Madarunfa. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babin farko, ya ce kafin in tsara tambaya ko ɗaya sai na bayyana da wace mahanga nake kallon naƙasa. Ya ambaci guda uku: ta likitanci, wadda ke ganin matsalar a jikin mutum take, ta zamantakewa, wadda ke cewa al'umma ce ke naƙasa mutum da shingayen da take gindaya masa, sai ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta haɗa biyun.

Na karanta abin da ya sawwaƙa kuma na fahimci abin da kowace take nufi, amma amfanin wannan bambanci a aikace shi ne ya shige mini duhu. Waɗannan ra'ayoyi a Turai aka haife su, inda asibiti ya wadata, alhali mu a nan har yanzu akwai uwar da ke ɗora yaronta mai zazzaɓi a kan amalanke don ta kai shi cibiyar lafiya mafi kusa. Shin zaɓin mahanga yana canza abin da mai bincike zai gano, da abin da hukuma za ta yi da sakamakon, ko kuwa sharaɗin makaranta ne da ake cikawa a wuce? Ina roƙon waɗanda suka yi aikin da hannunsu, da kuma masu naƙasar da kansu, su haskaka mini.

Tsohon majo:

Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah ya yi wa karatun albarka. Na yi aikin jinya a cibiyoyin lafiya na karkara har na yi ritaya, kuma a kan mahangar likitanci aka horar da mu, don haka bari in fara da kare ta, domin na lura masu karatun yanzu suna ambatonta kamar wani abin kunya. Mafi yawan naƙasar da na gani da idona tana da sanadi sananne, kuma sanadin yana da rigakafi ko magani.

Manyan guragun da kike gani a gari, da yawansu shan inna ne ya taɓa su suna ƙanana, kuma ɗigon rigakafin da aka bi gida gida ana ba yara shi ne ya kai mu ranar 25 ga Agusta 2020, lokacin da aka tabbatar cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a yankin Afirka. Muna zaune a tsakiyar zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma cikin waɗanda suka tsira daga sanƙarau mai tsanani kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo na dindindin, kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ta kusan kawar da nau'in A na wannan ciwo, kuma kowane yaron da ta kare, ta kare masa kunnensa. Kuturta ma haka take. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da yau ake sha wata 6 ko 12, kyauta, kuma wanda aka kai asibitin kutare na Danja da wuri, tun yana da tabon fata kawai, yakan koma gida da yatsunsa cikakku. Tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani, aikin ɗan lokaci ne yake mayar mata da ganinta. Wanda ya ce a ajiye wannan mahanga a ƙasa irin tamu, bai taɓa kwana a ɗakin jinya lokacin annoba ba.

Amma akwai inda mahangar tamu take tsayawa, kuma zan nuna miki wurin. Akwai wani mahauci da na bi maganinsa na kuturta har ya kammala. Na rubuta a rajista cewa ya warke, na rufe katinsa, ya kuma shiga rahoton wata cikin waɗanda aka yi nasara a kansu. Sai dai yatsun hannunsa na dama sun riga sun tafi kafin ya zo, tafin ƙafarsa kuma ba ya jin zafi, saboda haka ƙaya takan soke shi bai sani ba sai gyambo ya buɗe. Bayan ya warke ba wanda ke sayen naman da hannunsa ya taɓa, a wurin suna ana ware masa kwano, kuma manemin ɗiyarsa ya janye. Ba ya ɗauke da ƙwayar da zai shafa wa kowa, amma a ƙarshe bara ya koma. Rajistarmu ba ta da gurbin da za a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, kuma abin da bai shiga rajista ba ba ya isa gaban mai tsara kasafi.

Saboda haka amsata ita ce zaɓin yana canza sakamako ƙwarai. Idan kika ɗauki tamu ita kaɗai, kundinki zai zama jerin cututtuka, shawarwarinki kuma za su ƙare a rigakafi da tiyata. Abubuwa ne masu kyau, amma mutumin da rigakafi ya riga ya wuce shi ba zai sami rabonsa a ciki ba.

Mai ɗinki daga unguwar Zariya:

Baba majo, Allah ya saka da alheri, musamman da ka kawo zancen mahaucin nan. Ƙanwata ɗaliba, ni shan inna ya riƙe mini ƙafafu biyu tun ina yarinya, da keken hannu nake yawo, sana'ata ɗinki, kuma ina cikin wata ƙungiyar mata masu naƙasa. Zan gaya miki yadda ranar awon cikina na fari ta kasance, ke ki auna da kanki inda matsalar take.

Daga ƙofar gidanmu zuwa titi rairayi ne, ƙafar keke tana nutsewa, sai yaran unguwa sun tura ni. Mai kabu-kabu ba ya iya ɗaukar keke, mai adaidaita kuma yakan ƙara kuɗi saboda shi. A ƙofar cibiyar akwai matakala. An yi gangara a gefe, amma an yi ta a miƙe har mai turawa ma sai ya yi da gaske, kuma ranar an jera babura a bakinta. Na sauka na ja jiki da hannuwa a kan daɓen da marasa lafiya suke takawa. Gadon awo ya fi ƙarfin hawana, sai da mata biyu suka ɗaga ni kowa yana kallo. Aka ce in kawo fitsari, makewayin kuwa rami ne, ƙasa a jiƙe, ni kuma da tafin hannu nake tafiya. Abin da ya fi duk waɗannan ciwo shi ne maganar ungozomar, wadda ta dube ni ta ce, “Ke ma a wannan hali, wa ya yi miki wannan aiki?” alhali ina da aurena, mijina yana zaune a waje yana jirana.

Cikin duk abin da na lissafa babu guda da likita zai gyara a ƙafata. Magini da kafinta da wanda ke horar da ungozomomi su ne masu gyaran. Abin da mahangar zamantakewa take faɗi ke nan, kuma ban buƙaci zuwa Turai kafin in san gaskiya ce ba. A ciki na biyu ban cika zuwa awo ba, kuma na san mata da yawa irina da suka zaɓi haihuwa a gida don gudun wulaƙanci. Mai binciken da ya zo da mahangar likitanci zai ga ba mu zuwa, sai ya rubuta cewa jahilci ne, ya ba da shawarar a wayar mana da kai. Ƙawayena kurame nasu ya fi nawa, domin babu mai fassara maganar hannu, sai mace ta bayyana ciwonta na sirri ta bakin ƙanin mijinta ko ɗanta. Sanarwar kwalara da ake yi a rediyo ba ta isa ga kurma, takardar da aka manna a bango kuma ba ta isa ga makaho.

Malaminki ya ambaci mahanga uku, amma wadda take da rinjaye a garin nan ta huɗu ce, wato ta sadaka. Nakan shiga kasuwa sayen yadi da kuɗina a hannu, wani ya miƙo mini dala biyar da kyakkyawar niyya, domin a ganinsa mai keke ba ta shiga kasuwa sai don bara. Wannan tunanin yana hawa har ofis. Shi ya sa ake tuna mu da azumi, ko ranar 3 ga Disamba ta masu naƙasa, a raba shinkafa da kekuna a gaban kyamara, kekunan ba a auna jikin kowa ba, ba kuma kayan gyara, bayan damina ɗaya su zama ƙarfen banza a tsakar gida. Alhali kuwa akwai doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, sashe na 25 na yarjejeniyar ya ce a ba mu kulawar lafiya iri ɗaya da ta kowa, har da ta haihuwa, sashe na 9 kuma ya yi magana a kan shiga gine-gine da samun bayani. A cikin gida akwai dokar kare masu naƙasa ta 1993, an yi sabuwa a 2019, kuma an ware mana kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Ki sa wannan a babinki na farko, domin abin da aka ba mutum sadaka ana iya hana shi gobe ba tare da an tambayi kowa ba, abin da yake haƙƙi kuwa ana tambayar wanda ya hana shi.

Ma'aikacin ƙididdiga:

Baba majo da Hajiya mai ɗinki, kun riga kun yi rabin aikin. Malama ɗaliba, ni aikina tsara tambayoyin bincike da horar da masu bi gida gida, don haka zan tsaya a kan ɓangaren awo, bayan ɗan tarihi da zai taimaki babinki.

A 1976 wata ƙungiyar masu naƙasa a Biritaniya mai suna UPIAS ta raba abubuwa biyu da aka saba haɗawa, wato tawayar da ke jiki da kuma wariyar da al'umma ke ɗorawa a kan tawayar. Mike Oliver, malamin jami'a wanda shi ma da keke yake tafiya, shi ya raɗa wa wannan ra'ayi sunan mahangar zamantakewa a 1983. A nata ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 1980 wanda ya jera abin a layi ɗaya, daga cuta zuwa tawaya zuwa gazawa zuwa koma baya a cikin jama'a, kamar dai komai daga jiki yake tasowa. Masu naƙasa suka soki wannan tsari, aka sake shi, har a watan Mayu 2001 babban taron hukumar ya amince da wanda ake kira ICF, wato mahanga ta uku da malaminki ya ambata. Shi yana duban aikin gaɓoɓin jiki, da abin da mutum yake iya aikatawa, da shigarsa harkokin jama'a, sa'annan ya dubi muhallin da ke kewaye da shi da kuma yanayinsa na kansa. Abin da na fi so a cikinsa shi ne ya bambanta abin da mutum zai iya yi a wuri madaidaici da abin da yake yi a inda yake zaune a zahiri. Hajiya tana iya kai kanta ɗakin awo idan daɓe shimfiɗaɗɗe ne, amma ba ta kaiwa a cibiyar da ta kwatanta. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce nauyin muhalli, kuma ana iya auna ta.

Yanzu ga alƙaluma. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta sami masu naƙasa kashi 4.2 cikin ɗari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya ƙiyasta kashi 15 cikin ɗari na mutanen duniya, na 2022 kuma ya ce kashi 16, wato mutum biliyan 1 da miliyan 300. Ba wanda zai ce mu da muke fama da sanƙarau da tamowa da doguwar naƙuda mun fi sauran duniya lafiyar gaɓoɓi. Babban ɓangaren wannan tazara daga salon tambaya yake zuwa. Idan aka tsaya a zaure aka tambayi mai gida ko akwai naƙasasshe a gidansa, zai ambaci gurgu ko makahon da kowa ya sani, idan ma ya ambata. Mahaifiyarsa da ba ta gane fuska sai an matso, a wurinsa tsufa ne. Yaron da ya kai shekara takwas bai iya magana ba, ba za a so baƙo ya sani ba. An ga wannan ƙarara a Zambiya, inda ƙidayar 1990 ta sami ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, ta 2000 ta sami 2.7, amma binciken 2006 da ya tambayi wahalar aikata abubuwa ya sami 8.5.

Tambayoyin da ake amfani da su yanzu su ne na Rukunin Washinton, wani kwamitin masana ƙididdigar naƙasa da aka kafa a 2001 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Guda shida ne: wahalar gani ko da tabarau, wahalar ji, wahalar tafiya ko hawa matakala, wahalar tunawa ko tattara hankali, wahalar kula da kai kamar wanka da sa tufafi, da wahalar fahimtar magana ko fahimtar da wasu. Kowace tana da amsa huɗu, daga babu wahala, zuwa ƴar wahala, zuwa wahala sosai, zuwa ba ya iyawa ko kaɗan, kuma galibi ana lissafa mutum idan ya ba da ɗaya daga amsa biyun ƙarshe. Ba a ambaton naƙasa a gabatarwa, domin da an ambace ta an koma zauren da na faɗa. Suna da iyaka, kuma ya kamata ki bayyana ta a kundinki: ba su dace da ƙananan yara ba, shi ya sa aka fitar da wasu daban tare da UNICEF a 2016 don masu shekara 2 zuwa 17, kuma ba su cika kama taɓin hankali ba, ko zabiya, ko mai yoyon fitsari wadda ƙafarta lafiya lau amma an ware ta daga mutane.

Shawarata ki ɗauki ICF a matsayin ginshiƙi, ki gane mutanenki da waɗannan tambayoyi, sa'annan ki ƙara naki a kan shingayen da Hajiya ta lissafa: hanya, kuɗin abin hawa, ƙofa, gado, makewayi, harshe da halin ma'aikata. Kada ki zauna a cibiyar lafiya kina jiran masu zuwa, domin wanda ya iso ya riga ya tsallake shingen da kike son aunawa. Ki bi gidaje, ki tambayi marasa naƙasa su ma, don ki sami abin kwatantawa.

Ɗalibar lafiyar al'umma:

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da Malam. Yanzu na ga cewa da na fara aiki yadda na tsara da farko, da a ɗakin jira zan yi tambayoyina. Amma saura wata damuwa. Gundumar lafiya tana da ɗan abin da aka ba ta, wani lokaci ko kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wadda aka mayar kyauta tun 2006, ba ya isowa a kan lokaci. A darasi an koya mana ma'aunin DALY, mai lissafa shekarun lafiya da ciwo yake cinyewa, don zaɓen abin da ya fi cancantar kuɗi. Idan shugaban gunduma ya ce mini kuɗin gangara da mai fassara gara a sayi allurar rigakafi da su, wace amsa zan ba shi?

Ma'aikacin ƙididdiga:

Malama, wannan tambayar ita ce inda mahanga take ɓuya a cikin lissafi. Ma'aunin DALY ya shahara ne da rahoton Bankin Duniya na 1993 da aikin Christopher Murray da Alan Lopez kan nauyin cututtuka a duniya. Yana haɗa shekarun da mutuwar wuri ta cinye da shekarun da aka rayu cikin rashin lafiya, kuma kowane hali ana ba shi nauyi tsakanin 0, cikakkiyar lafiya, da 1, daidai da mutuwa. Yana da amfani idan ana kwatanta gidan sauro da allurar ƙyanda. Amma nauyin da aka ba shanyewar ƙafa ɗaya ne ko mutum yana Faris ko yana Dakoro, ko akwai gangara ko babu, saboda haka duk abin da aka kashe wajen cire shinge ba ya motsa wannan ma'auni kai tsaye. Mahangar likitanci ce aka gina shi a kanta, kuma masu naƙasa sun daɗe suna sukar sa saboda yana iya sa a ɗauki shekarar rayuwarsu ba ta kai ta sauran mutane ba.

Ki gaya wa shugaban gunduma cewa cire shinge shi ma aikin lafiya ne. Rahoton 2011 ya nuna cewa yiwuwar a hana mai naƙasa kulawa ta ninka ta wanda ba shi da ita sau uku, yiwuwar a wulaƙanta shi a asibiti kuma sau huɗu. Rahoton 2022 ya ce wasu masu naƙasa suna mutuwa har shekara 20 kafin sauran mutane, kuma ba tawayar kaɗai ke jawo hakan ba, har da hawan jini da tarin fuka da haihuwar da ba a kula da su ba. Allurar da yake son saya ba za ta isa ga yaron kurmar uwar da ba ta ji sanarwa ba. Game da kuɗi, rahoton 2011 ya ce idan tun a zanen sabon gini aka sa waɗannan gyare-gyare, ƙarin yakan tsaya kusan kashi 1 cikin ɗari na kuɗin ginin. Tsadar tana zuwa ne idan an gama gini sa'annan aka dawo fasawa.

Malamin makarantar dare:

Assalamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma ɗiyata, akwai abin da zai tare ki a ƙauye wanda ba a ambata ba. Iyalai da yawa suna fassara naƙasa da iskoki, ko sammu, ko sakayyar wani laifi da iyaye suka yi. Farfaɗiya musamman, ana gudun yawun mai ita don ana zaton tana yaɗuwa, alhali ba ta yaɗuwa, kuma akwai magani mai sauƙin kuɗi da ke tsayar da faɗuwar ga mafi yawan masu ita. Ki tambayi kowane gida inda suka fara kai yaron da abin da suka ɗauka ya same shi, domin amsar ita ce za ta bayyana miki jinkirin da ake yi kafin a je asibiti.

Ƴar'uwa mai ɗinki, maganarki kan sadaka ta taɓa ni, kuma ina ganin mu masu wa'azi muna da aiki a nan. Suratu Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda ya zo neman ilimi. Ya zama ladani tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa wakili a Madina idan ya yi tafiya. Wannan amana ce aka damƙa masa. Zakka da sadaka suna nan daram, amma babu abin da ya hana a tara su a saya wa mutum keken ɗinki ko a gyara ƙofar masallaci.

Mai ɗinki daga unguwar Zariya:

Malam, Allah ya ƙara basira, ina fata a ji wannan a kan mumbari. Ina so kuma in ƙara wani abu don kada ƙanwata ta ɗauka na kori likita. Yanzu da shekaru suka fara ja, kafaɗuna suna ciwo saboda tuƙin keke, bayana yana riƙewa idan na daɗe a kan ɗinki, kuma ko da an shimfiɗa kwalta a kowane lungu na Maraɗi wannan ciwon yana nan. Ina buƙatar mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da mai gyaran takalmin ƙarfe, da maganin zafi, kamar yadda nake buƙatar gangara. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a kan ƙafata a manta da ƙofa.

Ƙanwata, idan za ki fita aikin, ki ɗauki masu naƙasa cikin masu yi miki tambayoyi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mace irina za ta gaya wa ƴar'uwarta abin da ba za ta gaya miki ba. Ki gaida sarkin makafi da sarkin guragu, ki nemi izininsu, za su buɗe miki ƙofofi da yawa, amma kada jerin sunayenki ya tsaya a kan wanda suka ba ki, domin matan da ke cikin gida da yaran da ba a fitarwa ba sa cikinsa. Ki tambayi mutum da kansa ko da akwai ɗan rakiya, kuma ki sa kuɗin mai fassara maganar kurame cikin kasafinki tun yanzu. Idan kin gama, ki kawo sakamakon taron ƙungiyarmu ki karanta mana shi da Hausa, mu kuma mu ɗauke shi mu kai gaban shugaban gundumar lafiya da magajin gari kafin a zauna kasafin shekara mai zuwa.